Jawabin Babban Malamin Tuƙi a Bikin Yaye Ɗaliban Tuƙin Jirgi da Na'ura, Zariya





Tun da aka kafa wannan kwaleji ta koyon aikin jiragen sama a Zariya a 1964, take horar da matuƙa, amma babu darasin da ke gwada hankalin ɗalibi kamar wanda waɗannan matasa suka kammala. Iyaye, bari in gaya muku abin da 'ya'yanku suka sha. Bayan yaro ya iya tashi da sauka yana kallon ƙasa da sama, sai mu ɗora masa wata hula mai baki da ke tare masa taga. Ba ya ganin gari, ba ya ganin rana, sai agogunan da ke gabansa guda shida: na gudu, na tsawo, na karkatar jirgi, na alƙibla, na juyi, da na saurin hawa ko gangara. Idonsa ba ya zama a kan ɗaya. Ya dubi na karkata, ya leƙa na tsawo, ya dawo, ya leƙa na alƙibla, ya dawo, kunnensa kuma yana wajen mai hasumiya. Haka zai yi ta yi har ya cika sa'o'i 40 da ƙa'ida ta gindaya.

Dalilin wannan wahala yana cikin halittar ɗan Adam. A can cikin kunne akwai wani ruwa da ke sanar da mutum ko ya karkata. Idan jirgi ya daɗe yana juyi a hankali, ruwan nan yakan lafa, sai jiki ya ce wa matuƙi yana tafiya daidai alhali fiffike ɗaya ya yi ƙasa. In ya gyara, sai ya ji kamar ya kife ta ɗaya ɓangaren. Na ga ɗalibi zaune kusa da ni, gumi na tsatstsafo masa, kafaɗarsa ta jingina da ƙofa, yana rantsuwa jirgi ya karkace, agogo kuwa na nuna lafiya lau. Ranar da ya saki abin da jikinsa ke gaya masa ya bi agogo, ranar ya zama matuƙi. A cikin gajimare, gani ya kori ji.

Wannan ilimi bai cika shekara ɗari ba. A ranar 24 ga Satumba, 1929, Jimmy Doolittle ya tashi a Amurka, ya kewaya, ya sauka, duk bai ga waje ba. Shekara saba'in bayan haka, a watan Yuli na 1999, John F. Kennedy ƙarami, wanda bai kai ga samun shaidar tuƙi da na'ura ba, ya shiga dare mai hazo a kan teku, jikinsa ya ruɗe shi, ya rasu tare da matarsa da 'yar'uwarta. Mu nan ba ma buƙatar a ba mu labarin hazo. Daga Disamba zuwa Fabrairu, buji yakan rufe Kano da Sakkwato da Maiduguri har titin sauka ya ɓace wa ido da tsakar rana.

To, 'ya'yana, ga wasiyyata. Za ku biyo siginar rediyo kuna gangarowa a kan digiri 3, har ku kai ƙafa 200 daga ƙasa. Nan ne wurin yanke hukunci. In kun ga fitilun titi, ku sauka. In ba ku gani ba, ku ƙara wuta ku koma sama, ko da mai kamfani na jira, ko da babban mutum ne a bayanku, ko da gida na kira. Kada ku ce bari in ɗan ƙara ƙasa kaɗan in duba. Sauri ya haifi nawa. Babu wanda zai tuhume ku don kun kai fasinja wani filin jirgin sun kwana lafiya. Kuma kada ku bar hannunku ya yi sanyi don jirgin zamani na tuƙa kansa. Ku riƙa komawa na'urar gwaji kuna sabunta horo, domin ranar da kwamfuta ta ƙi, ku za a duba.

Ina godiya ga malaman da suka zauna a kujerar dama suna haƙuri, da injiniyoyin da ke kwana suna duba jirage, da ma'aikatan hasumiya, da iyayen da suka ɗauki nauyin karatu mai tsada irin wannan. Allah Ya saka muku da alheri.

Ku kuma da za ku karɓi shaidarku yanzu, rayukan mutane ne za a damƙa muku, alhazai da 'yan kasuwa da marasa lafiya. Allah Ya ba ku ikon riƙon amana, Ya tsare tashinku da saukarku, Ya sa iyayenku su ci moriyarku.