Idan Tudu Ya Zama Kwari: Karatun Harafin T a Zanen Zuciya



Kowane bugu na zuciya yana tafe da ɗan ƙarfin lantarki, wanda na'ura ke zanawa a bisa takarda. Willem Einthoven, mutumin ƙasar Holan, shi ya raɗa wa gaɓoɓin wannan zane sunayen P, Q, R, S da T a 1895. Shi T ɗan tudu ne da ke nuna lokacin da naman zuciya ke sake shiri bayan ya matse. Wani jiƙon sai tudun nan ya kife ya zama kwari, to, a nan ne ake gane gwanin karatu.

Na'urar tana duban zuciya ta fuskoki 12. A fuskar aVR kwari shi ne daidai. Yara ma sukan nuna shi daga V1 zuwa V3 alhali lafiyarsu lau. Haka nan hawan jinin da ya daɗe yakan kaurara zuciya har T ya kife wajen V5 da V6. Gudan jini a huhu, ko zubar jini cikin kai, su ma sukan kifar da shi. Watau harafi ɗaya ne, amma ma'anarsa tana ga mazauninsa da kuma mai shi.

Wanda ya fi ba ni tsoro kuwa shi ne wanda Hein Wellens da abokan aikinsa suka bayyana a Mastirit a 1982. Magidanci ya zo asibiti da ciwon ƙirji, kafin likita ya iso ciwon ya lafa. Gwajin jini bai nuna wani abin kirki ba, sai dai ga kwari mai zurfi a V2 da V3. Ma'anarsa ita ce babbar jijiyar da ke ciyar da gaban zuciya ta kusa toshewa. Cikin waɗanda ba a yi wa aiki ba a binciken nan, kashi uku cikin huɗu sun gamu da mummunar toshewa a 'yan makonni.

Ma'aikata, na san halinmu. Irin wannan mutum cewa zai yi, "Likita, sauƙi ya samu, gobe akwai ofis." Sam bai kamata a sallame shi ba, balle a hau da shi na'urar gwajin gudu. Kwantar da shi za a yi, a maimaita zanen, a gwada da tsohon zanensa in akwai, sa'an nan a gaggauta kai shi inda za a ɗauki hoton jijiyoyin zuciyarsa.