Daga Fetur Zuwa Lantarki: Ina Rabon Manomin Fadama?

Wannan shi ne jawabin da Editan wannan jarida ya yi wa ɗaliban azuzuwan yaƙi da jahilci na ƙasar Haɗeja, maza da mata, a wajen taronsu na ƙarshen zango. Mun buga shi don amfanin waɗanda ba su sami zuwa ba. A karanta, a kuma karanta wa maƙwabta.



Ranka ya daɗe Hakimi, dagatai da masu unguwanni, malamanmu na yaƙi da jahilci, iyayena maza da mata, 'yan'uwana ɗalibai, ina yi muku barka da zuwa. Na san wasunku sun baro gona, wasu sun baro koma a bakin ruwa, wasu sun baro tukunya a kan murhu. Allah ya saka da alheri.

An ce in yi muku bayani a kan motoci masu aiki da lantarki, waɗanda kuke yawan jin labarinsu a rediyo. Wani zai ce, ni da ko keke ba ni da shi, ina ruwana da motar lantarki? To, Malam, da ruwanka. In kana da injin ban ruwa, ko kana hawa babur zuwa kasuwa, ko ana kai maka buhun shinkafa gari a mota, kana biyan kuɗin fetur, ko ka sani ko ba ka sani ba. Duk maganar da ta shafi fetur ta shafi aljihunka.

Me Ya Kawo Maganar?

Abu biyu ne. Na farko hayaƙi, na biyu tsada.

Duk injin da ke shan fetur ko man dizal yana fitar da wata iska da masana ke kira kabon. Ido ba ya ganinta. Lita ɗaya ta fetur in ta ƙone tana sakin fiye da kilo 2 na wannan iska. Ita kuwa ba ta ɓacewa da wuri. Taruwa take yi a sama, ta riƙe zafin rana kamar yadda murfi ke riƙe zafin tukunya. Da haka duniya ke ƙara ɗumi. In iska ta yi ɗumi kuma, takan ɗauki ruwa fiye da da. Shi ya sa sai ka ga an yi makonni babu ruwa, sannan ruwan wata guda ya sauko cikin kwana biyu.

Mu nan ba sai an ba mu labari ba. Kun ga ambaliyar 2020. Kun ga ta 2022, wadda ta ci gonaki da gidaje a Auyo da Kafin Hausa da Guri da Kirikasamma da Ringim, ta kuma hallaka mutane fiye da 600 a faɗin Nijeriya. Amma mu faɗi gaskiya, ba hayaƙi kaɗai ke jawo mana ambaliya ba. Ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa. Yashi ya cike kogi. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar Kogin Haɗeja ta sake. Sauyin yanayi ya zo ne ya ƙara wa waɗannan matsaloli nauyi.

Saboda wannan ne ƙasashen duniya suka yi yarjejeniya a birnin Faris na ƙasar Faransa a 2015, cewa kowa zai rage hayaƙinsa. A watan Nuwamba na 2021, a wani babban taro a birnin Gilasgo na ƙasar Birtaniya, Shugaba Muhammadu Buhari ya yi alkawari cewa zuwa shekarar 2060 Nijeriya za ta daidaita hayaƙinta. A cikin wannan wata kuma ya sa hannu a kan dokar sauyin yanayi.

Mene ne daidaita hayaƙi? Ku ɗauki misalin sikeli. A gefe ɗaya akwai hayaƙin da muke fitarwa. A ɗaya gefen akwai wanda itatuwa da tsirrai ke shanyewa, don su da wannan iska suke girma. In gefen biyu suka yi daidai, to an daidaita ke nan. Hanyar kaiwa can ita ce a rage ƙona mai, a kuma ƙara dasa itatuwa. Hayaƙin Nijeriya duka bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na hayaƙin duniya ba. Manyan ƙasashe kamar Sin da Amurka su ne a gaba. Amma ruwa in ya zo ba ya tambayar wa ya yi laifi.

Abu na biyu, tsada. Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur. Kafin ranar, farashin gwamnati bai kai naira 200 a lita ba. Cikin kwana uku ya haye naira 500 a garuruwan Arewa, kafin ƙarshen 2024 kuma ya haye naira 1,000. Manomin rani ya fi kowa sanin ciwon wannan, don shi ba ya iya cewa shinkafarsa ta jira sai mai ya sauko.

Yaya Motar Lantarki Take?

Ba ta da tankin mai, ba ta da salansa, ba ta da fulogi, ba a yi mata juyen baƙin mai. Babban batir gare ta, irin na wayar hannu amma mai girma ƙwarai. A yi masa caji, shi kuma ya juya ƙafafun motar. In cajin ya ƙare sai a sake. Haka babur mai lantarki yake, haka adaidaita sahu mai lantarki yake.

Abin ya yi nisa a duniya. A 2024 an sayar da irin waɗannan motoci fiye da miliyan 17, wato fiye da ɗaya cikin kowace sabuwar mota biyar. A ƙasar Sin kusan rabin sababbin motocin da aka saya a wannan shekara masu caji ne. A nan Afirka, ƙasar Habasha ta hana shigo da ƙananan motoci masu shan fetur tun 2024, don tana da wutar madatsun ruwa, mai kuwa sai ta sayo daga waje.

Kada ku ɗauka aikin Turawa ne kawai. Jelani Aliyu, mutumin Sakkwato, shi ya zana siffar wata motar lantarki mai suna Chevrolet Volt lokacin da yake aiki a kamfanin General Motors na Amurka. Daga baya ya shugabanci hukumar kula da ƙera motoci ta Nijeriya daga 2017 zuwa 2023. A zamaninsa aka buɗe wurin cajin mota da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato a 2021. A Maiduguri kuma wani matashi, Mustapha Gajibo, ya yi suna wajen cire injin fetur daga ƙananan motocin bas, ya sa musu batir, ana yi musu caji da rana suna ɗaukar fasinja. A watan Disamba na 2023 Shugaba Tinubu ya je Maiduguri ya ƙaddamar da motocin haya na gwamnatin Borno, wasu masu gas, wasu masu lantarki. Har ma'adinin da ake yin batirin da shi, wato litiyam, akwai shi a ƙasarmu. An buɗe masana'antar sarrafa shi a Jihar Nasarawa a 2024.

To Mu Fa?

A nan ne nake so ku ba ni hankalinku. Motar lantarki tana da tsada, kuma wuta take so. Kun san yadda wuta take a ƙauyukanmu. Wasu garuruwan ko turke ba a kafa ba. In mutum ya sayi babur mai lantarki, sannan ya tayar da janareto don ya yi masa caji, me ya yi? Fetur ɗin da ya guda shi ya koma saya, hayaƙin ma yana nan.

Saboda haka, a wurinmu tambaya ta farko ita ce, daga ina wutar za ta fito? Amsa tana bisa kanmu. Allah ya hore wa Jigawa rana, kuma ta fi ƙarfi a lokacin da muka fi bukatarta, wato lokacin noman rani.

Don haka ni a ganina, sauyin nan a ƙasar Haɗeja daga bakin rijiya zai fara, kafin ya hau titi. Injin ban ruwa mai aiki da hasken rana shi ne motar lantarkin manomi. Farantan sola ne ke karɓar rana, su ba inji wuta, inji ya jawo ruwa. Yawancinsu ba sa bukatar batir ma. Rana ta fito ya yi aiki, rana ta faɗi ya huta. Wasunku sun riga sun gan shi a fadama.

Mu yi lissafi tare, tun da kun koya a aji. Misali ne kawai, kowa ya sa nasa adadi. A ce injinka yana shan lita 5 a kowane ban ruwa, kana yi sau biyu a mako, har mako 14. Lita 10 ke nan a mako, lita 140 a kaka guda. Mu sa lita a naira 1,000 don sauƙin lissafi. Kuɗin mai ya kama naira 140,000, ban da baƙin mai da kuɗin bakanike. Hayaƙin da ya tashi kuwa ya fi kilo 300, wato ya fi nauyin manyan buhuna uku na shinkafa. Yanzu ka tambayi kuɗin injin sola, ka raba shi da abin da kake kashewa a kaka. Amsar da ka samu ita ce yawan kakar da zai yi kafin ya biya kansa. Ɗan acaɓa ma haka zai yi da kuɗin man da yake sha a rana.

In farantan sola suka yawaita a gari, sai babur da adaidaita sahu masu lantarki su sami wurin caji. Tafiyarmu ta yau da kullum gajera ce, daga ƙauye zuwa Haɗeja, ko Malam Madori, ko asibiti, a dawo. Irin wannan tafiya ita ta dace da batir.

Kafin Ka Ci Bashi

'Yan'uwa, duk sabon abu in ya shigo, 'yan damfara na biye da shi. Ga abubuwa shida da za ku riƙe.

Na ɗaya, kada ka saya sai ka ga wanda ya yi amfani da irinsa aƙalla kaka guda. Je ka gonarsa, ka gani da idonka.

Na biyu, tambayi zurfin da injin ke iya jawo ruwa. Wanda ya yi aiki a bakin kogi ba lalle ya yi a tudu ba.

Na uku, tambayi inda ake gyara da inda ake samun kayan gyara. In sai an je Legas, ka yi tunani.

Na huɗu, in babur ne ko adaidaita sahu, batir shi ne rabin dukiyar. Tambayi shekara nawa yake yi, da kuɗin sabo. Batir yana tsufa kamar na wayarka.

Na biyar, karɓi rasit da takardar garanti, ka karanta da kanka. In bashi ne, ka karanta nawa za ka biya a wata, wata nawa, da abin da zai faru in ambaliya ta ci gonarka ka kasa biya. Kada ka dangwala yatsa a kan abin da ba ka karanta ba. Ranar irin wannan ce ta sa kuka zauna a aji.

Na shida, in kuɗin ya fi ƙarfin mutum ɗaya, ku haɗu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Manoma biyar masu gonaki kusa da juna suna iya sayen inji ɗaya, su rubuta ranar kowa a littafi, su yi karo-karon kuɗin gadi, don ɓarayi suna son farantan sola.

Bayan an saya kuma sai kulawa. A riƙa goge ƙurar hunturu daga kan farantai, don ƙura tana rage musu ƙarfi. In ruwa ya fara tasowa a kwashe su zuwa tudu tun da wuri. Kada a ce tun da rana kyauta ce sai a bar inji yana ta zuba, ruwan ƙasa ma yana da iyaka, kuma maƙwabcinka daga nan yake sha.

Iyayena mata, ga taku. Kada a yi cajin babban batir a ɗakin da yara ke kwana, ko kusa da danga da ciyawa, don yana iya kama wuta. Batirin da ruwa ya shiga kada a jona shi sai mai gyara ya duba. Tsohon batir irin na mota kuma akwai dalma a cikinsa, dalma kuwa guba ce. Kun ji abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda dalmar da ke cikin duwatsun zinariya da ake niƙawa a gidaje ta kashe yara kimanin 400. Kada a fasa batir a tsakar gida, kada a jefa shi a kogi inda muke kamun kifi. A mayar wa masu sayen tsofaffi.

Kiranmu Ga Hukuma

Muna roƙon gwamnatin jiha da ƙananan hukumomi su dubi abu uku. A ba ƙungiyoyin manoma rancen injin sola mai sauƙin biya, a biya bayan girbi. A koya wa samarinmu da kanikawanmu gyaran sola da batir, don kada sauyin nan ya raba bakanike da abincinsa. A kuma kafa wuraren caji na hasken rana a tashoshin mota da manyan kasuwanni. Yashe kogi da cire kacalla kuwa kada a fasa, don injin sola ba ya tare ruwa.

Shekarar 2060 da aka ambata, da yawanmu ba za mu gan ta ba. Jikokinmu ne za su noma wannan fadama a lokacin. Abin da ke hannunmu yau shi ne mu rage kuɗin da muke ƙonawa, mu dasa itace a gona da ƙofar gida, mu kuma riƙe karatu da lissafi don kada a cuce mu. Malamai, ina roƙonku ku sa lissafin man nan a darasin mako mai zuwa, kowane ɗalibi ya yi da adadin gonarsa.

Allah ya kiyaye mu daga ambaliya da fari. Allah ya sa albarka a nomanmu da karatunmu. Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya.