Jawabi Kan Gyaran Daɓen Banɗaki Da Wurin Wanki Kafin A Sa Tayil



Yanzu tayil ya shigo karkara. Mutum ya sayar da amfanin gona, ya sami ɗan rara, sai ya ce bari ya gyara makewayi. Wannan abu ne mai kyau, domin tayil ya fi sauƙin wankewa. Amma mutane da yawa suna zaton tayil shi ne ke tare ruwa. Ba haka ba ne. Tsakanin tayil da tayil akwai ɗan layi, kuma ta nan ruwa ke sulalewa ƙasa kullum. Idan aikin ƙasa bai yi kyau ba, ruwan sai ya shige gindin bango. Da farko za a ga danshi da farin gishiri a jikin katanga. Daga nan yaɓe ya fara zuba. Idan ginin ƙasa ne, ruwan Agusta na zuwa sai bango ya zauna. Sau da yawa ma bangon na haɗaka ne da maƙwabci, ga asara ga rigima.

Tare ruwa ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Magina na da suna daɓe da makubar ɗorawa. Masu rini kuma suna shafe karofi da laso don kada ruwan baba ya tsiyaye. Kayan aiki ne kawai suka sake.

Abin farko da maigida zai duba shi ne inda ruwa zai fita. Kada ruwan wanka da na wanki su gangara cikin masai. Suna cika rami da wuri, suna kuma jiƙa bakinsa har ya rufta. A yi musu rariya tasu, a sa bututun roba ya kai ruwan can nesa da bango, cikin ramin da aka cika da duwatsu. Ramin nan da masai duka su nisanci rijiya da kamar ƙafa 100. Idan kuwa murfin masai a kan azara ko itace yake, to kada a ɗora masa siminti da tayil. Itace yana ruɓewa, gara tana ci, ga nauyi ya ƙaru. Sai an zuba sabon murfi na kankare mai rodi tukuna.

Bayan haka sai a kwashe ƙasa mai taushi, a zuba marmara, a yayyafa ruwa, a daɓe sosai. A baza yashi kaɗan a kai, sannan a shimfiɗa leda mai kauri. Inda leda biyu suka haɗu, ɗaya ta hau ɗaya da inci 6, bakinta kuma ya ɗan hau bango. A kan ledar ake zuba kankare: kwano 1 na siminti, kwano 2 na yashi, kwano 4 na tsakuwa. Kaurinsa ya kai inci 3 zuwa 4. Yashin ya zama mai tsabta, wanda babu laka a ciki.

Gangara ita ce zuciyar aikin, kuma a nan ne magini mai gaggawa yake cutar maigida. Daɓe ya karkata wajen rariya da inci 1 a kowace ƙafa 4. Wato idan tsawon banɗaki ƙafa 8 ne, bakin ƙofa ya fi bakin rariya tudu da inci 2. Ana fitar da wannan gangara da kwaɓin siminti 1, yashi 3. Ba a bari sai wajen sa tayil a ce za a gyara. Maigida ba ya bukatar wani ma'auni kafin ya gane. Idan daɓe ya kama, ya zuba ruwa buta ɗaya a kowane lungu ya tsaya ya gani. Duk inda ruwa ya kwanta, aiki bai yi ba.

Siminti yana son ruwa kafin ya yi ƙarfi. A riƙa jiƙa shi safe da yamma har kwana 7, a rufe da buhu. A lokacin hunturu a ƙara kula, domin iska tana busar da shi da wuri ya tsattsage.

Wurin da ya fi yoyo shi ne kusurwa, inda daɓe ya haɗu da bango, da kuma kewayen bututu. Magini ya cike kusurwa da siminti, ya lanƙwasa ta kamar cikin ƙwarya. Sannan a shafa maganin hana ruwa. Masu sayar da kayan gini suna da shi iri biyu: na gari da ake haɗawa cikin kwaɓi, da wanda ake shafawa da buroshi. A bi awon da aka rubuta a jikin ledarsa, kada a rage don tsimi. Na shafawa hannu biyu ake yi, na farko ya bushe kafin na biyu. Ya hau bango da inci 6 ko'ina, a wajen da ake tsayawa wanka kuwa ya kai ƙafa 6. Wasu suna shafa kwalta. Tana tare ruwa, amma siminti ba ya kama ta, sai an watsa mata yashi tun tana ɗanye an sake ɗora wani siririn daɓe.

Kafin a sa tayil ko ɗaya, a yi gwaji. A toshe rariya, a tare bakin ƙofa, a zuba ruwa ya kai inci 1 a wajen tudu. A yi alama da gawayi, a bar shi kwana ɗaya cur. Idan ruwa ya ragu sosai, ko bayan bango ya nuna danshi, akwai kafa. Gyaranta a ranar ɗan siminti kaɗan ne. Bayan an sa tayil kuwa sai an farfasa duka. Saboda haka maigida ya riƙe cikon kuɗin aiki sai an yi wannan gwaji a gabansa.

Wajen saye, a zaɓi tayil mai kaushi. Mai sheƙi na bango ne, idan ya sha sabulu yana kayar da tsofaffi da mata masu ciki. Idan da kwaɓin siminti za a ɗora shi, a jiƙa tayil cikin ruwa tukuna don kada ya shanye ruwan kwaɓin. A cike bayan kowane ɗaya da siminti, a cike layukan tsakani, a hana kowa shiga har kwana 3. Bayan nan maigida ya bi su ɗaya-ɗaya yana ƙwanƙwasawa da ɗan sanda. Wanda ya yi ƙara kamar ganga, ƙarƙashinsa rami ne, sai magini ya ɗaga shi ya sake.