Jawabi ga matasan garaji: batirin motar lantarki ba abin wasa ba ne

Ƴan uwa matasa, musamman makanikai da yaran garaji.

Motoci da babura masu caji sun fara shigowa garuruwanmu, kuma a garajinku za su ƙare in sun lalace. Sana'a ce sabuwa, akwai abinci a cikinta. Amma hannun da ya saba da batir mai volt 12 sai ya sake karatu kafin ya taɓa su. Batirin Toyota Prius ya kai volt 200. Na yawancin motocin lantarki zalla volt 400 ne, wasu har 800. Kuran ɗin gida da muke tsoro 220 ne kawai. Ku auna.

Duk wayar da kuka gani ruwan lemu a jikin motar, ta babbar wuta ce. Kafin ku kusance ta, ku kashe mota, ku nisanta makulli, ku cire batirin volt 12, sannan ku zare filogin da ke raba babban batir da sauran mota. Ku jira minti 10, don wuta tana saura a cikin na'urar bayan an kashe. Sai ku auna da mita, ku ga sifili da idonku. Safar hannu ta roba mai jure volt 1000 ake sawa, ba ta masu walda ba. Zobe, agogo, sarƙa, duk a tuɓe.

Haɗari na biyu gobara ce. Batirin litiyom in ya bugu, ko ya huje, ko zafi ya yi masa yawa, da kansa yake kama wuta, hayaƙinsa kuma guba ne. Ko an kashe wutar, tana iya sake tashi bayan awoyi. Ga zafin Afrilu da Mayu a nan da ke wuce digiri 40. Don Allah kada ku yi caji a cikin rana, ko a ɗakin da ake kwana, ko da cajar da ba tasa ba. Batir ya kumbura ko yana wari? A fitar da shi fili, nesa da rumfa da bidon ɗin mai.

In wuta ta kama abokin aiki, kada ku cafke shi da hannu, za ta haɗa da ku. Ku ture shi da busasshen itace, ku kira ƴan kwana-kwana a lamba 18. Ko ya ce ya ji sauƙi, a kai shi asibiti, don wutar tana taɓa bugun zuciya.

Iyayenmu masu garaji, yaron da aka ba ku amana ne. Kada a ce masa "je ka kwance" alhali ba a nuna masa ba, ba a ba shi safa ba. Ku kuma matasa, mu nemi cibiyoyin koyon sana'a su saka wannan darasi a cikin horonsu. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya kiyaye mu, ya sa albarka a sana'a.