Biram da littattafan fari: laccar da aka gabatar a Maine-Sorowa



Duk mai son sanin yadda fari ya yi da ƙasar nan, akwai littattafan da za su kama masa hannu. Michael Watts ya fitar da Silent Violence a 1983, kan yunwa a arewacin Nijeriya. Namu na gida, Boureima Alpha Gado, ya rubuta tarihin yunwa a Sahel a 1993. Kafin shi, a 1986, Paul Lovejoy ya yi littafin gishiri, inda ya bi manda da kanwar Mangari har kasuwanninsu. A irin waɗannan littattafai ne za ka ga Kakalaba, yunwar 1913 zuwa 1914. Ta 1984 kuwa ba sai an buɗe littafi ba: dattawan da ke zaune a nan sun san El-Buhari, shekarar da aka rufe iyakar Nijeriya ga kuma rumbu wayam.

Aiki ne nagari, ba na raina shi. Sai dai lissafinsu na hatsi ne da shanu da haraji. Makaɗi ba ya shiga.

Ku dubi biram, kayan kiɗan Buduma masunta. Jikinsa kamar kwalekwale, an rufe shi da fata, tsirkiya biyar. A farkon shekarun 1960 tafkin Cadi ya kai murabba'in kilomita dubu 25. Da farin 1973 da na 1984 suka janye ruwan, masunta suka watse neman abinci, yara suka daina zama gaban masu kiɗa, har ya zamana Bukar Tar ake ambata a matsayin gwanin da ya rage. Wannan ma asarar fari ce, ko da babu jami'in da ya sa ta a rahoto.

Wanda ya je ya durƙusa gaban Bukar Tar ba Buduma ba ne. Malam Maman Barka ne, Batube ɗan Tasker, malamin makaranta wanda ya riga ya yi suna da gurmi. Mutum da albashinsa da sunansa ya koma ɗan koyo a bakin tafki a 2002, da tallafin UNESCO. Na tabbata a lokacin wasu sun ce ya zautu. A 2009 faifansa na biram ya fito a Ingila, Umaru Adamu na raka shi da ganga. Ya rasu a Yamai a watan Nuwamban 2018, Allah ya jiƙansa.

Yanzu Komadugu ce ke cika ta yi ambaliya, kamar yadda ta cinye gonakin tattasai da gidaje a Difa a 2019, rairayi kuma na binne kwaruruwan dabino tsakaninmu da Gudumariya. Ƙungiyoyin agaji za su ƙirga buhunan da aka rasa. Ɗaliban Jami'ar Difa da ke nan, ku da kuke neman abin da za ku rubuta kundin kammala karatu a kai: cikin waɗanda ruwa da rikici suka taso daga bakin kogi akwai masu algaita da ganga da mata masu waƙar daka. Wayar da ke aljihunku tana ɗaukar murya. Ku fara da tambayar kowannensu wa ya koya masa, kuma a wane gari.