Annobar Korona da Aljihun Kamfanonin Fasaha



Hausawa na cewa faɗuwar wani tashin wani, kuma ban san inda wannan magana ta fi tabbata ba kamar a shekarar 2020. A ranar 27 ga Fabrairu aka sami mutum na farko mai cutar korona a Legas. Kafin ƙarshen Maris an rufe makarantu, an kuma ba da umarnin kulle Legas da Ogun da Abuja. Tsakanin Afrilu da Yuni tattalin arzikin ƙasar nan ya ja da baya da kashi 6.1 cikin ɗari, amma a wannan lokacin ne sashen sadarwa ya ƙaru da kashi 18. Dalili kuwa a fili yake: da aka hana ƙafa tafiya, sai ciniki da karatu da zumunci suka koma cikin waya.

A Amurka, kuɗin shigar kamfanin Zoom ya tashi daga dala miliyan 622 zuwa biliyan 2.65 cikin shekara guda, ribar Amazon kuma ta tashi daga biliyan 11.6 zuwa biliyan 21.3. A nan gida, MTN ya tara Naira tiriliyan 1.35 a 2020, alhali a 2019 tiriliyan 1.17 ya samu, kuma abin da ya samu daga data kaɗai ya ƙaru da rabi. Sai dai ciniki daban, riba daban. Ribarsa ba ta wuce Naira biliyan 205 ba, watau kusan inda take a 2019, saboda darajar Naira ta faɗi, kayan aiki kuwa da dala ake sayensu.

Bugu da ƙari, kakar ba ta daɗe ba. Da aka buɗe kasuwanni, hannun jarin Zoom ya rasa fiye da kashi 80 na darajarsa, Amazon ya yi asarar dala biliyan 2.7 a 2022, kamfanin Meta kuma ya sallami ma'aikata 11,000 a watan Nuwamba na wannan shekara.

To, ina rabon mutumin Tsamaye a cikin wannan? Ɗalibin jami'ar gwamnati ya zauna gida daga Maris zuwa Disamba 2020, ga annoba ga yajin aikin malamai. Sa'an nan a Satumba 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato, har da Sabon Birni da Isa, saboda 'yan bindiga. Ashe hanyar da wasu suka bi suka yi arziki, mu a ƙasar Gobir toshe mana ita aka yi.

Saboda haka, ya ku 'yan'uwa, musamman waɗanda suka fara aikin gwamnati, ku ɗauki layin waya kamar hanyar mota da rijiya, ku nema wa ƙauyukanmu shi tare da tsaron da zai kare shi.