Kada Ɗan'uwanmu Ya Yi Yaƙi da Giya Shi Kaɗai



Maganar da muka kawo yau magana ce da muka saba yi ƙasa-ƙasa. Da wuya a sami ikilisiyar da ba ta da ɗan'uwan da giya ta kama, ko burukutu, ko ogogoro, ko ta kwalba. Da yake mu kaɗan ne a garuruwan da muke zaune, mukan ji tsoron kada maƙwabta su ce ga halin Kirista, sai mu rufe zancen. Idan abin ya fito fili, dattawa su zauna, a sa mutum horo, a dakatar da shi daga Jibin Ubangiji. Horo yana da wurinsa. Amma bayan an tashi sujada, wa yake tare da shi da yamma, lokacin da ƙishin giya yake tasowa?

A shekarar 1935, a garin Akron na ƙasar Amurka, mashaya biyu suka haɗu: Bill Wilson, ɗan kasuwa, da Bob Smith, likita. Suka gane cewa idan mashayi ya buɗe cikinsa ga mashayi ɗan'uwansa, dukansu biyu sukan sami ƙarfin ƙin sha. Daga nan aka sami ƙungiyar Alcoholics Anonymous, wadda ake kira AA, da matakanta 12 da aka buga a 1939. A 1951 aka kafa Al-Anon domin iyalan mashaya. Tun kafin wannan ma, a 1877, wani fasto mai suna Louis-Lucien Rochat ya kafa Blue Cross a Janeba, ƙasar Suwizalan. Ashe ba baƙon aiki ba ne ga ikilisiya.

Yaya taron yake? Mutane ne masu ciwo iri ɗaya suke zama, kowa ya faɗi yadda makonsa ya wuce, sauran su saurara. Ba a karɓar kuɗin shiga, ba a tambayar ɗarika ko addini. Sharaɗi ɗaya ne, mutum ya kasance yana so ya daina. Sunan farko kawai ake faɗa, abin da aka ji a ɗakin kuma a nan ake barinsa. Akwai taron da kowa zai iya shiga, akwai na masu fama da sha kaɗai. Sabon zuwa yakan sami wanda ya daɗe da dainawa ya riƙe shi, ya kira shi ko da tsakar dare ne. Ba a sa mutum rantsuwar shekara goma. Ya riƙe yinin yau tukuna.

Ina za a sami irin wannan taro? A tambayi likita ko ma'aikacin jin daɗin jama'a a asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya, kamar na Barnawa a Kaduna, na Maiduguri, ko na Kware kusa da Sakkwato. A tambayi asibitocin mishan da ofishin hukumar NDLEA, wadda take ba da shawara ga masu shaye-shaye. Zuwan farko shi ne mai wuya, saboda haka dattijo ya raka ɗan'uwan har bakin ƙofa, ya biya masa kuɗin mota in da hali, ya kuma kama bakinsa. Kada a yanke hukunci da zuwa ɗaya. A je sau da dama kafin a ce bai yi ba.

Inda babu taro kusa, mu buɗe ɗakin makarantar Lahadi. Mutum biyu ko uku masu son dainawa sun isa a fara, a tsayar da rana da lokaci kowane mako. Fasto ya ba da mabuɗi, amma kada ya mai da zaman wa'azi, kada kuma abin da aka faɗa a ciki ya kai teburin dattawa. Ranar da asiri ya fita, ranar taron ya mutu.

Gargaɗi ɗaya: wanda ya shekara da shekaru yana sha kullum, kada ya yanke dare ɗaya ba tare da ganin likita ba. Cikin kwana 2 zuwa 3 jiki na iya rawa, hankali ya gushe, a yi farfaɗiya, har a rasa rai. Asibiti tukuna, sa'an nan taro. Wanda ya sake faɗuwa kuwa, a karɓe shi mako mai zuwa.

Mun tuna da shanyayyen nan na Markus sura 2. Bai kai kansa wurin Yesu ba; mutum huɗu ne suka ɗauke shi, har suka buɗe rufin gida. Muna roƙon kowace ikilisiya, kafin taronmu na gaba, ta zaɓi dattijo ɗaya da uwa ɗaya daga Zumuntar Mata, su binciko taro mafi kusa, su san rana da wuri, domin idan matar wani ta zo da kuka mu sami abin da za mu nuna mata bayan addu'a.

Ubangiji ya ba mu alherin ɗaukar nauyin juna. Amin.